Mai Fenti da Haruffan da Ba Sa Magana

Shekara talatin da biyu Mai Fenti yana rubuta allunan shaguna a layin nan, amma bai taɓa karanta ko ɗaya ba. A wurinsa harafi sura ce kawai: wannan sanda mai ciki, wancan ƙugiya, wancan tsani. Mai shago ya kawo abin da yake so a takarda, shi kuma ya kwafa a hankali, kamar mai zana fuskar baƙo. Matarsa kaɗai ta san sirrin. Ita ke leƙowa kafin fenti ya bushe, ta gyaɗa kai ko ta yi tari. Tun da ta rasu, duk wanda ya miƙo masa takarda sai ya ce ya manto tabarau.

Shi ya sa ranar da malamar jikarsa ta tsaya a bakin shagonsa, ya fara laluben aljihu kamar mai neman tabarau. Jikar nan a hannunsa take, shekararta takwas, baki kamar rediyo, amma littafi ya gagare ta.

"Baba, yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce," in ji malamar. "Masu binciken ƙwaƙwalwa sun gano akwai yaran da idonsu ƙalau, hankalinsu ƙalau, haɗa harafi da sautinsa ne ke ba su wuya. Ka bar min ita bayan an tashi, mu riƙa bin sauti ɗaya-ɗaya."

"Me za ki samu?"

"Ciwon kai."

Bai yi dariya ba. Ruwa ba ya tsami banza.

"Abin yakan bi jini," ta ƙara. "Akwai mai irinsa a gida?"

Ya dubi idonta, ya dubi layin. Wa ya tsegunta mata? Tela mai surutu? Ko mai aski, da ya taɓa ganinsa riƙe da takarda a kife? In maganar ta fita, wa zai sake ba shi allo?

"A gidanmu? Malama, dubi bangon nan. Duk hannuna ne."

"Na gani. Shi ya sa nake so ka zana mana manyan haruffa a katako, yara su riƙa bi da yatsa."

Tarko ne, ya ce a ransa. Ya yanke shawarar canza wa yarinyar makaranta. Amma da ya faɗa mata, sai ta ajiye cokali.

"Kaka, ita kaɗai ce ba ta ce min jaka ba."

Shi ma an ce masa jaki, a wani aji mai warin alli, har ya gudu bai waiwaya ba.

Ya kai katakon da kansa, don ya gane wa idonsa makircin. Malamar ta ɗaga sanda mai ciki, ta rufe leɓe, ta buɗe. Yara shida suka maimaita, suna tafi. Jikarsa ta bi da yatsa, ta furta, ta haɗa da na gaba, kalma ta faɗo daga bakinta. Ashe sandar nan da ya zana sau dubu tana da murya.

"Baba, sai ka zauna?" in ji malamar.

Ya harare ta. Har yanzu bai yarda da ita ba.

"Fentin nake gadi, kada su kankare."

Ya ja kujerar yara a can baya, gwiwoyinsa har ƙirji, leɓensa na motsi.