Kwalbar da Bature Ya Ce Kwat Ce

Abu na farko da aka koya mana a aikin malamin dabbobi shi ne awon ruwa. Oza arba'in kwat ɗaya, kwat huɗu galan ɗaya. Na haddace wannan tun kafin a ba ni kaki.

A shekarar da nake magana, ruwa ya janye daga fadamar Baturiya, Fulani sun sauko da shanu, tsutsar ciki ta kama maruƙa. Muka taso daga Haɗeja, ni da Baturen dabbobi, da maganin ɗura. Ƙa'idarsa a rubuce take. A zuba oza biyu na magani, a ƙara ruwa har ya kai kwat ɗaya, sannan a ɗura wa kowane maraƙi oza huɗu. Kwat ɗaya na maruƙa goma ke nan.

Wajen ƙetare kogi moɗarmu ta kwat ta faɗa ruwa. Ya rage ɗan kofin gilashi mai cin oza huɗu. Na ce zan riƙa ƙirga kofi goma-goma. Bature ya dubi rana, ya dubi yawan garken, ya ciro kwalbar giyarsa da ta ƙare.

"Wannan kwat ce. Yi da ita."

Na gwada a gabansa. Kofi na bakwai bai gama shiga ba kwalba ta cika.

"Ranka ya daɗe, ko oza talatin ba ta ci ba. Maganin maruƙa goma zai tafi cikin bakwai."

"Malam, a garinku aka ƙera kwalbar ko a namu?"

Na ɗauki kwalbar na fara haɗa magani.

Arɗon rugar ya matso. Dattijo ne da na shekara uku ina lallashi kafin ya yarda a taɓa masa dabba.

"Malam, gardamar me kake yi da mai jan kunnen nan?"

"Ba komai, Baffa. Maganar awo ce."

"To, ni ban san shi ba, kai na sani. In ka ce a kama, sai a kama."

Na ce a kama. Da hannuna na ɗura musu, ɗaya bayan ɗaya.

Cikin kwana uku waɗanda suka fi rama duk suka mutu. Bature ya rubuta cewa malami ya yi kuskuren awo, aka ba ni takardar gargaɗi. Takardar ba ta dame ni ba. Na koma rugar ni kaɗai don yin jaje, na tarar da Arɗo yana shanya fatu. Bai sa a shimfiɗa mini tabarma ba.

"Malam, tambaya ɗaya. Kuskure ne, ko ka sani?"

"Na sani, Baffa."

Ya ci gaba da buga turakun miƙe fatun, bai ƙara dubana ba.

Na ƙara shekara goma sha ɗaya a wannan aiki. Duk rugar da na nufa a fadamar nan, kafin in sauka daga doki an riga an kora maruƙa cikin ciyawa, sai a fito a ce mini bana shanu ba su haihu ba.