Sunan Da Inna Ba Ta Kira

Inna ba mai kallon talabijin ba ce. Shekarar da Baba ya rasu ta dawo gidana a Birnin Kudu, kuma duk sanda na kunna sai ta ja tabarmarta zuwa gindin darbejiya, tana cewa akwatin nan bakinsa ba ya gajiya. Abin da ya shigo da ita ɗaki wani wasan kwaikwayo ne na wata ƙasa mai nisa da aka juya zuwa Hausa, ana nuna shi bayan la'asar. Labarin gidan sarauta ne. Sarki yana da 'ya'ya maza biyu. Babban tun yana ƙarami aka tura shi wani gari na bakin iyaka ya girma a hannun wasu, ƙaramin kuwa ya tashi a gaban uwarsa, ita ke gyara masa hula, ita ke sa masa nama a baki.

Ranar farko ta tsaya a bakin ƙofa da butarta a hannu. Kashegari ta zauna a kan buhun gero. Kafin sati ya zagayo ita ke tambayata ko solar da ke ba talabijin wuta ta sha rana.

Na san abin da ya kama ta, don mu ma a gidanmu akwai babban da aka tura. Yayana shi ne ɗan farin Inna, ni ce auta. Ana yaye shi aka kai shi Zandam, ƙasar Gwaram, wurin kakarmu wadda ta haifi Inna, kuma can ya zauna, ya girma, ya yi aure, ya kama noman gero da riɗi. Haka ake yi. Uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi. Inna kuwa ta riƙe wannan kunya fiye da kowace mace da na sani. Tun da nake ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba. "Na Gwaram" take cewa. In wani yaro a unguwa yana da irin sunan, sai ta ce "mai sunan wancan". Shi ma bai taɓa ce mata Inna ba. Adda yake cewa, yadda ya ji ƙannenta na faɗa a gidan da ya tashi.

Ni abin haushi yake ba ni, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Sunana kam ya sha kira. A aike ni, a yi mini faɗa, a lallashe ni, duk da suna. Yaya yakan ce, "Ke ce mai uwa, mu 'yan rakiya ne." Da dariya yake faɗa, amma dariyar ba ta kai idonsa.

In ya kawo sabon gero da kaka, a bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta. Ta juya fuska bango, ta amsa da "lafiya" guda, kamar mai amsa wa mai talla. Sai ta kira ni gefe ta miƙo mini ƙwaryar fura wadda ita ta dama da hannunta, ta sa nono mai kauri, ta ce, "Kai masa. Kada ki ce ni ce."

Wata rana a waya na ba Yaya labarin Inna ta zama 'yar kallo, sai ya fashe da dariya. Ashe shi ma yana bin wasan, a shagon mai cajin waya a Gwaram, duk ranar da aiki ya bar shi. Daga nan hirarmu ta koma gidan sarki. Shi yana bayan babban, ba sai an faɗa ba. Yana cewa ƙaramin shagwaɓaɓɓe ne irina. Ni kuma in ce ai ƙaramin bai roƙi a tura kowa ko'ina ba. Mu yi ta musu a kan 'ya'yan sarkin da ba su san da mu ba, kuma dukkanmu mun san ba su muke nufi ba.

Sai na ƙulla abin da nake ganin dabara ce. Ranar kasuwa da ya shigo Birnin Kudu na tsare shi har la'asar, na ce yau a gidana zai yi kallo. Inna ta shigo, ta gan shi, ta kusa komawa. Amma ranar babban ɗan sarki zai zo gaida uwarsa, ba za ta iya bari ya wuce ta ba. Ta zauna a buhunta ta ba shi rabin baya.

A cikin wasan, babban ya durƙusa gaban uwarsa, ta yi masa magana a daƙile ta sallame shi. Da ya fita sai ta tashi ta tsaya a taga, tana kallonsa har dokinsa ya ɓace. Kullum haka take yi, shi kuma bai taɓa waiwayowa ba.

Yaya ya gyara murya. Idonsa na kan talabijin ya ce, "Adda, a ganinki matar nan tana son babban nan kuwa?"

Inna ba ta juyo ba. Ta daɗe tana murza bakin zanenta, sannan ta ce da ni, "Gaya masa, wadda ba ta so ba ta tsayuwa a taga."

Ban gaya masa ba, ai ya ji. Ya yi 'yar dariya, ya ce hadari na haɗuwa, gara ya kama hanya. Na raka shi ya hau babur ɗinsa. Da na juyo sai na ga Inna a bakin zaure, rabin jikinta a ɓoye. Shi bai waiwayo ba. Na so in ƙwala masa kira ya juyo ya gani, sai ta harare ni, na fasa.

A daminar nan zazzaɓi ya kama shi a gona. Ya yi ta daurewa irin ta manoma, sai da ya kasa tashi aka kawo shi asibiti a Birnin Kudu. Inna ta saka mayafi ta biyo ni ba tare da na ce ta zo ba. Amma da muka isa ɗakin, ga surukansa, ga abokansa, sai ta tsaya a baranda. Na roƙe ta, har na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Ta ce, "Mutane na ciki." Ta tsaya jikin taga, inda take iya hango ƙafafunsa.

Ana yi masa ƙarin ruwa, leɓensa sun bushe. Ya buɗe ido ya ce, "Adda ta zo?"

Na ce, "Tana waje. Tana jikin taga."

Ya yi murmushi. Ya yi ƙoƙarin juya kai wajen, wuyansa bai ba shi ba. Har yau ban sani ba ko ya gan ta. Kafin azahar ɗin kashegari Allah ya karɓi abinsa.

A zaman makoki Inna ba ta zubar da hawaye ba. Mata suna ta yaba mata, wai ga mai kunya, ga mai dauriya irin ta mutanen da. Ni kuwa kowane yabo kamar ana watsa mini barkono. Na yi fushi da ita, na yi fushi da su, na rufe talabijin da tsohon zane na ce ba za a sake kunnawa ba.

Sai bayan an yanke gero, wata la'asar, ta ce mini, "Kunna mu ga inda suka kwana." Na kunna. Wasan ya zo ƙarshe. Sarki ya mutu, babban ya dawo daga bakin iyaka da rauni a jikinsa, ya tsaya a ƙofar fada ya kasa shiga. Uwarsa ta sauko daga tagar nan, ta ratsa fadawa, ta kira sunansa da ƙarfi a gaban kowa. Ya waiwayo.

A bayana na ji Inna ta yi magana. Da farko ban gane ba, don ban taɓa jin kalmar da muryarta ba. Sunan Yaya ne. Ba da kuka ta faɗa ba. A hankali ta kira, yadda ake kiran yaro ya zo ya ci abinci kafin ya huce. Ba zan rubuta sunan a nan ba. Ta riƙe shi tsawon rayuwarsa, ba ni zan watsa shi ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne abin da ta yi bayan nan. Ta karkata kai wajen ƙofa, ta saurara. Ni ma na saurara, wallahi, da hankalina da komai. Kaji na tono a tsakar gida, wani babur ya wuce ta bayan katanga bai tsaya ba.

Inna na nan da ranta. Ba ta sake shigowa kallo ba, ba ta kuma sake kiran sunan ba. Ni ce dai duk la'asar, in gida ya yi tsit, sai in ji kiran nan daga wajen buhun gero, in tsayar da abin da nake yi ina jiran a amsa.