Kawu Tongsuk, Direban da Ya Ƙi Kai Ni Khon Kaen

Kafin ɗayanmu ya buɗe ido, Kawu Tongsuk ya riga ya zagaya motar sau biyu. Zai duba ruwa da baƙin mai, ya bubbuga tayoyi da ƙafa, sannan ya taka zuwa kasuwar safe ya sayo mana shinkafa mai danƙo da gasasshiyar kaza. Idan ya dawo sai lodi: manyan lasifiku a ƙasa, ganga a tsakiya, kwalayen faifai a gefe. Molona kuwa a kujerar gaba yake zama, a ɗaure da bel kamar babban mutum, ni mai molon a tura ni baya. Na yi mita har na gaji. Amsarsa ɗaya ce kullum: ni in na bugu zan warke, molo in ya tsage shi ke nan.

Sunana Pranom. Mawaƙiya ce ni mai yawo gari-gari, ni ke rubuta waƙoƙina, ni ke kaɗa su. Shekara ashirin da bakwai Kawu Tongsuk yana jan motata daga bikin haikali zuwa filin makaranta, daga wannan kasuwa zuwa waccan. Hotona ne a jikin kowace takardar talla, shi kuwa ko sunansa bai taɓa hawa ba, alhali shi ke liƙa su. A wannan watan ya ajiye makulli, saboda yanar ido ta rufe masa gani kuma likita ya hana shi tuƙi. Na san babu mai shirya wa direba taron ban kwana, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Labaransa suna da yawa a bakin mutane. Wirat, makaɗin gangata, har gobe yana ba da labarin ranar da ambaliya ta tare mu, Kawu ya ɗora lasifika a ka ya ratsa ruwa iya ƙirji, ya dawo ya ɗauki ta biyu, sannan ya waiwayo ya tambayi Wirat ko shi ma goyo yake jira. Amma ni ba ƙarfinsa ya sa nake jinjina masa ba. Wata doka ce da ya kafa mini, wadda na sha jin haushinta.

Yawancin waƙoƙina daga bakin mutane nake tsinto tushensu. Zan ji wani tsoho mai kiwon ɓauna yana rera wani abu, ko mata masu dashen shinkafa suna amshi, sai in ɗauko, in ƙara baitocina. Duk mawaƙan yankinmu haka suke yi, babu mai ganin laifi. Kawu kaɗai ya ce a'a. Dokarsa ita ce, duk sanda na fitar da sabon faifai, ba za a sayar da ko ɗaya ba sai an kai na farko gidan wanda aka ɗauko waƙarsa, an kunna a gabansa ya ji da kunnensa. Mahaifinsa makaɗin molo ne a ƙauye. Wata rana yana zaune a shagon aski ya ji kiɗansa a rediyo da sunan wani, tun daga ranar bai sake taɓa molo ba har ya mutu. Sau ɗaya Kawu ya ba ni wannan labarin, bai ƙara ba.

Shekara uku da suka wuce ina cikin wani hali. Tauraruwata ta dushe, na yi shekara takwas ban fitar da komai ba, masu gayyata sun koma wajen yara masu rawa a waya. Na tattara ƙarfina na yi sabon faifai mai waƙa goma, kuma duk fatana yana kan guda ɗaya, mai suna "Kamdi, Dawo Gida". Na samo amshinta a ƙauyen Nong Waeng, can wajen Ubon, ranar da wata tsohuwa mai kiwon tsutsar siliki, Iya Janta, ta ba mu abinci bayan wasa. Da yamma na ji ta a madafa tana rerawa, tana kiran wani Kamdi ya dawo kafin shinkafa ta huce. Na naɗa a waya ban ko tambaye ta ba. A raina na ce ai mace ce ke zolayar mijinta da ya tafi cin-rani Bangkok. Na sa mata ganga mai zafi, ta zama waƙar rawa wadda ko gurgu ya ji sai ya motsa kafaɗa.

An sa ƙaddamarwa ranar Asabar a birnin Khon Kaen, kuma a ranar za a ɗora waƙoƙin a intanet. Faya-fayan ba su iso hannunmu a Korat ba sai safiyar Juma'a, ga hira da gidan rediyo tana jirana a Khon Kaen da yamma, hirar da na yi wata biyu ina roƙo. Muka yi lodi muka tashi. Ina ɗaga kai daga wayata sai na ga mun miƙi gabas.

Na ce, "Kawu, Khon Kaen fa muka nufa. Me ya kawo hanyar Ubon?"

Ya ce, "Gidan Iya Janta za mu fara."

"Yau? Ka san abin da ke gabana kuwa? In mun gama ƙaddamarwa sai mu je, har da tsaraba."

"In kin gama ƙaddamarwa ai ba tambayarta za ki je yi ba, labari za ki kai mata."

Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci bakina ba ya da linzami. Na ce masa ni ce mai mota, ni ce mai waƙa, shi direba ne kawai, kada tsufa ya sa ya manta matsayinsa. Har yau in na tuna wannan maganar sai in ji kamar in nutse. Kawu ya rage gudu. Ya gangara gefen titi, ya kashe mota, ya juyo ya ajiye makullin a cinyata.

"Ga shi, 'yar nan. Kin iya tuƙi?"

"Ka san ban iya ba."

"Wirat fa?"

Wirat ya yi maza ya ce, "Kawu, ni ko keke sai an riƙe mini. Kada ku sa ni a cikin rigimarku, ni ɗan ganga ne."

Kawu ya ce, "To ni dai ƙafata ba za ta taka wa wannan faifan hanyar Khon Kaen ba, sai mai waƙar ta ji abinta. Ki nemi wani direban, ba zan ji haushi ba."

Na zauna ina huci kusan rabin awa, motoci suna wuce mu. Daga ƙarshe na wurga masa makullin, na buga waya na soke hirar rediyo.

Mun sami Iya Janta a ƙarƙashin gidanta, wanda aka gina a kan dogayen turaku, tana zuba wa tsutsotsinta ganye. Kawu ya gaishe ta, ya miƙa mata faifan da hannu biyu, ya jona lasifika ƙarama. Maƙwabta suka taru. Ganga ta tashi, muryata ta biyo baya, ni kuma na gyara zama ina jiran a fara tafi. Babu wanda ya motsa. Matan suka sunkuyar da kai, wata ta rufe baki da hannu. Iya Janta ta saurara har ƙarshe, ganyen yana hannunta.

Sai ta ce, "'Yar nan, wannan abin naki har ina yake zuwa?"

Na ce, "Ko'ina, Iya. Duk mai waya zai iya ji."

"Har bakin teku?"

"Har can."

Ta ce, "To ki bar shi ya tafi. Ni muryata ba ta wuce shingen nan. Amma ki cire gangar. In Kamdi ya ji ganga zai ce biki muke yi ba shi."

Wata maƙwabciya ce ta ja ni gefe ta warware mini. Kamdi ɗanta ne, shi kaɗai ta haifa. Shekara goma sha tara da suka wuce ya bi 'yan ƙauyen zuwa kudu aikin jirgin kamun kifi, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kullum da yamma in ta sauke shinkafa sai ta kira shi. Abin da ya fi cin ranta shi ne ba ta san ko yana raye ba. Ba a yi wa mai rai sadakar mamaci, tana tsoron ta ja masa mugun abu, in kuma ya mutu, to shekara da shekaru ke nan yana can babu wanda ya aika masa da lada. Wannan kukan ne na ɗauko na sa wa ganga. Kunya ta kama ni har na kasa kallon kowa, na je bayan mota na yi kuka. Kawu ya zo ya miƙo mini ruwa, bai ce mini "na gaya miki" ba.

Ranar Asabar na hau dandamali a Khon Kaen babu faifan sayarwa, na kuma hana a ɗora komai a intanet. Na faɗa wa jama'a abin da ya faru, na rera waƙar da molo kaɗai. Wasu 'yan rediyo sun tafi suna gunaguni, sun ce na ɓata musu lokaci. Na koma na sake naɗa ta, kwalayen farko kuwa suna nan ƙarƙashin gadona har yau.

Ni a nawa tunanin magana ta ƙare, amma ba a wajen Kawu ba. Ya zo mini da taswira ya ce yawon wannan faifan kudu za mu yi, garuruwan bakin teku, inda babu wanda ya gayyace mu. Na ce wa zai saurare mu a can? Ya ce, "Rabin masu jan koma a jiragen nan 'yan yankinmu ne. Ba masu tafi muke nema ba, kunne ɗaya muke nema." Muka yi ta bin tashoshin jiragen ruwa, ina waƙa a gaban mutum talatin, wani lokaci goma, ƙarnin kifi yana shiga mini maƙogwaro. Shi kuma kafin kowane wasa sai ya bi kasuwar kifi da rumfunan shayi yana tambaya ko akwai wanda ya san Kamdi ɗan Iya Janta. Wata goma sha ɗaya muna haka. Na gaji, na ce mu haƙura, ya ce saura gari biyu.

A Ranong ne, bayan wasan rana, wani mutum mai suna Sanan ya tsaya har kowa ya watse. Yatsu biyu babu a hannunsa na dama. Ya ce ya yi shekara huɗu a jirgi ɗaya da wani Kamdi, wanda yake yawan cewa uwarsa tana kiwon tsutsar siliki, kuma in ta kira shi cin abinci duk ƙauye sai ya ji. Zazzaɓi ya kashe shi a wani tsibiri mai nisa shekara tara da suka wuce, kuma shi Sanan yana cikin waɗanda suka haƙa kabarin. Ya so ya kai labari, amma bai san sunan ƙauyen ba.

Na ce wa Kawu ni ba zan iya kai wannan saƙon ba. Ya ce ba ni zan kai ba, in dai zauna a mota. Ya roƙi Sanan ya biyo mu, ya ja motar kwana biyu har Nong Waeng. Shi ya durƙusa a gaban Iya Janta ya faɗa mata, a hankali, bai yi kwana-kwana ba. Ta daɗe tana kallon Sanan, sannan ta ce, "Ɗan nan, ya ci wani abu kafin ya tafi?"

Sanan ya ce, "Ya sha kunun shinkafa, Iya. Ni na ba shi da hannuna."

Ta gyaɗa kai. "To madalla. Tongsuk, gobe ka kai ni haikali."

Washegari aka yi sadakar. Limaman haikalin suka yi addu'a, ita da kanta ta tsiyaya ruwan da ake zubawa don aika wa mamaci lada. Mutanen ƙauyen sun ce tun daga ranar ta daina kira da yamma, kuma ta fara cin abincinta da zafinsa.

Kawu Tongsuk, kai ne mutumin da ban taɓa sa sunansa a bayan faifai ba. Kai ne ka san cewa kowace waƙa da muke tsinta a hanya akwai mai ita, kuma mai ita yana da dalilin da ya sa ya rera ta. Ni mai molo ban san wannan ba sai da direba ya koya mini a gefen titi. Da ka bi umarnina ranar nan, da wata rana tsohuwar nan ta ji sunan ɗanta a lasifikar gidan biki ana tiƙar rawa, kuma da har yanzu tana tsaye a madafa tana kira.

Ku 'yan'uwana mawaƙa masu yawo, musamman ku matasa da kuke naɗar muryar tsofaffi a waya ku wuce, ku koma ku tambaya. Ku kai musu su ji kafin duniya ta ji, ko da zai ci muku hirar rediyo. In kuma kun dace da ma'aikacin da zai iya kashe mota ya ce muku a'a, ku riƙe shi da kyau, kada ku gaya masa irin maganar da na gaya wa nawa.

Kawu, na san ba za ka iya karanta wannan da idonka ba, zan zo gida in karanta maka, ka yi ta gyara mini inda na ƙara gishiri. Na gode da shekara ashirin da bakwai da ka kai ni duk inda na ce. Amma godiyata mafi girma ta rana ɗaya ce, ranar da ka ƙi.