Rariyar Bappa Ishaƙ Ba Ta Tsoron Wuta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Bappa Ishaƙ, ƙanin mahaifina, a gidansa na Gagarawa. Ni ce Haulatu. Ban iya magana cikin mutane ba, shi ya sa na rubuta.

Bappa, tun da ka bar aikin narka ƙarfe a Kano ka dawo gida, abu ɗaya ka sa a gaba: rariyar kurfoti, wadda gawayi ke zama a kanta. Ka ga yadda wuta ke cinye ta Iya, kakarmu mai tuyar ƙosai, duk bayan wata biyu. Shekara tara kana haɗa ƙarfe da alminiyam, kana zubawa, kana sakewa. Mutane na cewa wasa kake. Ni kaɗai ka zaunar ka yi wa bayani, har ka ce in tambayi duk abin da ban gane ba. Ka ce wannan haɗin ba ya tsoron zafi, amma ba ya son duka: in ya huce aka buge shi, fashewa zai yi. Burinka ka kai wa wani abokinka malamin jami'a ya gwada.

Ga abin da ke ƙona min rai. Bayan sadakar uku, babana ya kira Cindo maƙeri ya duba rariyoyi goma sha biyu da ka bari. Cindo ya gwada su yadda maƙera ke gwada ƙarfe. Ya ɗora ɗaya a uwar maƙera, ya sauke mata guduma, ta tarwatse.

"Malam, wannan ai kasko ne!" in ji shi. Aka yi dariya.

Ina bayan ƙofar zaure, na san amsar, bakina ya ƙi buɗuwa. Ya fasa ta biyu, ya fasa ta uku. Ranar Alhamis aka kwashe sauran aka kai wa masu sayen tsohon ƙarfe a kasuwar Maigatari. Ba wanda ya ce a sa ko ɗaya a wuta. Bappa, ka yafe min.

Saura ɗaya, da ka sa a kurfotin Iya, wadda ta shekara uku ba ta huje ba. Da na ji babana na cewa a ɗauko ta, sai na zuba gawayi na hura wuta. Ya zo ya tarar da ita ja wur.

"Ke, me kike dafawa?"

Na ce, "Baba, a wuta ake gwada ta."

Ya daɗe tsaye yana kallo, na gaya masa burinka, sannan ya tambayi sunan abokin naka malamin jami'a.

Allah Ya jiƙanka, Bappa, Ya haskaka kabarinka, Ya tsare ka daga wuta. Allah Ya ba Iya da matarka Inna Asama'u haƙurin rashinka. Amin.