Minti Huɗun Gwaggo Enid

Gwaggona Enid Tolhurst, ƙanwar babana, shekara talatin da ɗaya ta yi tana haɗa waya a wani ofishin tarho da ke kudancin Landan. A lokacin in kana son magana da wani, sai ka ɗaga tarho ka jira. 'Yar fitila za ta kama a allon da ke gaban ma'aikaciya, ita kuma ta soka igiya ta tambaye ka wa kake nema. Fitilun duk iri ɗaya ne, ba a sanin mai neman mahauci da mai neman likita sai an ji murya.

Wata Litinin da hantsi, a 1934, allonta ya cika da fitilu. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya mata. Wani yana faɗa ba a kawo masa gawayi ba, wata tana son gaida surukarta. Da ta kai kan fitila ta bakwai sai ta ji mace tana haki.

"Ina kuka shiga ne? Gidan Pocock tela ke ci da wuta, 'ya'yansa mata biyu suna sama. Tun ɗazu nake riƙe da wayar nan."

Minti huɗu matar ta yi tana jira. Kafin 'yan kwana-kwana su iso, matakalar gidan ta rufta, kuma ba wadda ta fito cikin 'yan matan.

Aka yi bincike, aka ce ba ta da laifi. Shugabarsu ta dafa ta ta ce, "Ƙa'ida kika bi, 'yata. Je ki sha shayi." Gwaggo ta je jana'iza ta tsaya can baya. Telan ya riƙe hannunta ya yi mata godiya, a zatonsa ƙawar 'ya'yansa ce.

Bayan shekara uku aka fito da lambar neman agaji, tara sau uku, wato 999. Wanda ya buga ta ba ya bin layi: jar fitila ce ke kamawa, ƙaho kuma ya yi kuka har a ji a titi. Ƙarar ta ishi ma'aikatan, sai Queenie Brimble, wadda ke zama kusa da Gwaggo, ta cusa ƙwallon ulu a bakin ƙahon. Gwaggo ta tashi ta zare shi.

"Ke Enid, so kike mu kurumce kafin mu samu miji?" in ji Queenie. "Ke da kunnen ma wa ya taya ki?"

Sauran suka yi dariya.

"Bar shi ya yi kukansa," in ji Gwaggo. Ta jefa ulun a jakarta.

Ba ta yi aure ba, kunnenta na hagu kuwa ya mutu kafin ta bar aiki. Duk wata takan kai wa Pocock siket ko riga ya gyara mata. In ba abin gyara, ta warware ɗinkin da kanta. Yakan ba ta kujera, ya yi ta ba ta labarin 'ya'yan nasa, Hilda da Rose, wadda ta fi iya maɓalli da wadda ta fi tsiwa. Haka suka yi har ya rasu lokacin yaƙin duniya na biyu, bai taɓa sanin aikinta ba.

Ni ma sai shekarar da za ta rasu ta gaya mini, muna ɓare wake a kicin. Ko babana bai sani ba. Da ta gama ta ce in miƙo mata kwano.