Hancin Malam Ɗanjuma

Cikin duk ranakun aikina, ban taɓa mantawa da ranar da muka ɓatar wa Malam Ɗanjuma hanci ba. A tsakiyar shekarun 1950 ne, ina aiki a shagon hoto na Oga Samuel a Gyaɗi-Gyaɗi. Oga mutumin Kudu ne, Kirista, amma Hausa a bakinsa kamar Bakano. Shi ke wanke hoto, ni ke ɗauka.

Ku da kuka tarar da fitilu ba ku san yadda muka yi fama ba. Shagonmu ba lantarki. Taga ɗaya ce babba a hagun kujerar zama, an rufe ta da farin akoko don hasken ya yi laushi. Kyamarar akwati ce ta katako mai ƙafa uku. A gilashinta akwai ƙofar haske da ake buɗawa ko a tsuke, da lambobi a jiki. Da hantsi nakan sa ta a takwas, in cire murfi, in ƙirga uku, in mayar.

Malam Ɗanjuma dillalin hatsi ne daga Tarauni, dattijo mai dogon hanci da yake ji da shi. Zai tafi aikin Hajji ta mota, ayarinsu zai tashi ranar Asabar, kuma sai da hoto za a ba shi fasfo. Na ɗauke shi ranar Litinin. Da ya zo karɓa ranar Talata, ya daɗe yana kallon hoton.

"Malam Habu," ya ce da ni, "wa ya shafa mini baƙi a wannan kuncin?"

"Inuwa ce, Baba. Hasken ta hagu ya shigo."

"Ni da fuska guda na zo. Zan je gaban Ɗakin Allah da rabin fuska?"

Ya yayyaga hoton. Oga ya fito daga ɗakin wanki ya yi bayani har ya gaji. Malam Ɗanjuma ya ce shi dai kada a bar masa inuwa ko ta ƙwayar gero. Oga ya dube ni ya ce, "Habu, yi masa abin da yake so."

Washegari muka fito da kujera da kyamara tsakar rana. Malam Ɗanjuma ya zo da rundunarsa. Wanzaminsa ya riƙo madubi, mai shayin bakin hanya ya kawo farantai biyu, telan da ke maƙwabtaka da mu ya ciro madubin gwajin kaya. Wani ma murfin kwanon sha ya samu. Dattawa bakwai suka kewaye shi, kowa na harba masa rana a fuska, shi kuma yana ba da umarni ido a rufe.

"Wanzam, ƙasa kaɗan. Ina jin inuwa a ƙarƙashin haɓata."

Na shiga cikin baƙin mayafi na duba. Farar riga, farar hula, fuska na ƙyalli kamar an shafe ta da man shanu. Na tsuke ƙofar haske har ƙarshe, na ce ya buɗe ido. Hawaye na zubo masa, na cire murfi na mayar, ko ɗaya ban ƙirga ba. Duk da haka hasken ya yi yawa.

Hoton ya fito fari fat. Ido biyu a tsuke, ƙofofin hanci biyu kamar an ɗiga tawada, sai gemu yana rataye a iska. Hanci kam babu shi. Malam Ɗanjuma ya yaba ƙwarai, ya ce yanzu ne annurinsa ya bayyana.

Ranar Alhamis da azahar ya dawo a ƙafa, gumi ya jiƙa masa riga. Ashe akawun ofishin fasfo ya dubi hoton, ya dube shi, ya ce mai wannan hoton ba shi da hanci, shi kuwa ga nasa har ya yi yawa, don haka ba mutum ɗaya ba ne. In bai kawo wani gobe kafin a tafi masallacin Juma'a ba, ayari ya tafi ya bar shi.

Ya zauna a kujera ba wanda ya ce ya zauna.

"Samuel, a mayar mini da hancina."

"Baba, hanci ba ya zuwa shi kaɗai. Da inuwarsa yake tafe."

"To, nawa ce mafi ƙaranci?"

"Faɗin yatsa uku."

"Ɗaya."

"Albarka."

Suka yi ta ja kamar ana cinikin buhun dawa, har suka daidaita a yatsa biyu. Na zaunar da shi gefen taga, na rataya farin zane ta dama don ya mayar da haske kaɗan kan kuncin. Oga ya sa yatsu biyu a gefen hancin Malam Ɗanjuma ya auna, tela ya shaida. Na buɗe a takwas, na ƙirga uku. Ranar Juma'a da safe aka buga masa hatimi, Asabar ya hau mota.

Tun daga ranar ban ƙara yi wa kowa bayanin haske da baki ba. Mutumin da ya zauna gaban kyamara a tsorace yake, ko da jikoki gare shi, kuma mai tsoro ba ya jin karatu. Sai in miƙa masa madubi, in juya kujerarsa a hankali gaban taga, in yi shiru har ya ce, "Tsaya nan." Kusan kullum inda zan tsayar da shi nan yake cewa a tsaya.