Yakuwar ƙanwata a Abu Na'ama

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga ƙauyenmu da ke yankin Jazira, ni da wata maƙwabciyata, a bayan a-kori-kura cike da buhunan albasa. Kuɗin mota ya ƙaru, wurin zama kuwa ya ragu. A Sennar muka karya da ful, dafaffen wake ke nan, da shayin da sukari ya yi wa yawa. Bayan Singa baƙar laka ta riƙe taya, sai da maza suka sauka suka tura.

Na ce wa mutane ƙanwata zan dubo a Abu Na'ama, don tana da tsohon ciki. Amma har da yakuwarta a abin da ya kai ni. Ma'aikatan gona sun zaɓi gonar mijinta don gwaji, suna fesa wa ganyen wani ruwa mai garin ƙarfe, garin da ido ba ya iya gani. Yarinyar da ni na koya wa riƙe fartanya! Da na ga gonar sai da ƙirjina ya yi zafi. Ganye kore shar, kamar ba ƙasa ɗaya muke nomawa ba. Tawa ta gida ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Na ce masha Allah, amma iyakarta baki.

Da rana ta yi mana miyar yakuwa da gyaɗa. Na ci na ƙara, ina jin haushin daɗinta.

Washegari ma'aikaciyar gonar, wata Balarabiya mai fara'a, ta same mu muna tsinkar ganye a tsakar gida. Ta tsaya cak. Su a wajensu yakuwa ta zoɓo ce kawai, karkade suke ce masa, kuma zoɓon kaɗai ta hana a taɓa sai an auna. Bai taɓa zuwa mata a rai cewa mutum zai dafa ganyen ba. Mu kuma ba wanda ya ga dalilin faɗa mata abin da kowa ya sani. Ta ce ganye yana da ƙananan ƙofofi da yake shan iska, ta nan garin yake shigewa ciki.

"Ai muna wankewa," in ji ƙanwata da Larabci.

Matar ta ce wanki ba ya kaiwa can. Ba ta ce yana cutarwa ba, su ma ba su sani ba tukuna.

Ƙanwata ta dafa cikinta, ta juyo gare ni. "Yaya, tun farin damana nika cin shi kullum. Mi za ni yi?"

Na kama hannunta.

Ga abin kunya: har a motar dawowa ina ta saƙa me ya sa aka zaɓi gonarsu aka bar tamu. Na iso gida da la'asar da darasi guda, in baƙo ya zo zai taɓa shukarka, fara gaya masa abin da kake sawa a tukunya. An tafi da ganyen can birnin Madani don a auna. Har yau ba mu ji komai ba, ƙanwata kuwa watan haihuwarta ya kama.